Bawa Wanzami da Jinin da Ya Duba da Ido

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Bawa Wanzami na 'Yankuzo, kuma ban taɓa zaton zan tuna da shi ina kwance a irin gadon da ya kwanta ba, da ƙarfe a kwatangwalona kamar yadda aka sa masa. Na so in yi wannan rubutu a zaune a ƙofar gida, in ba ku labarin tsiyarsa ku sha dariya. Allah bai nufa ba. A kishingiɗe nake yin sa a wani asibiti a nan Gusau. In kun ga magana ta karkace, ku raba laifin biyu: rabi na fargaba, rabi na ajin yaƙi da jahilci da na shiga a Bungudu, na yi ta gyangyaɗi a layin baya har aka sallame mu.

Bawa taubashina ne. Uwarsa ƙanwar ubana ce, aka kai ta aure 'Yankuzo can ƙasar Tsafe, gidan wanzamai. Ya girme ni da kaɗan, kuma tun muna yara yake cin zalina da baki, ni ma ina ramawa gwargwadon ƙarfina. Ni goro nake sayarwa a Tudun Wada, shi kuwa aska da ƙaho ya gada. Ba jaririn da za a yi wa askin suna a unguwarsu ba da hannunsa ba, kuma in an gama kaka, manoma sun jigata, layi ake yi a zaurensa. Zai kafa wa mutum ƙaho a baya, ya tsotsa, ya cire, ya yi 'yan tsaga da aska, ya sake kafawa. In ya ɗaga sai jini ya fito baƙi, a daskare kamar hanta, ya juye a kasko ya nuna wa mai shi: "Ka ga abin da kake yawo da shi?" Mutum ya tashi yana jin kamar an sauke masa buhun gero. Ni ko kallon aikin ba na iyawa. Da na ga aska ta doshi fata sai in tuna ina da uzuri a waje. Shi ya sa ya raɗa mini Sarkin Tsoro, matarsa Kulu ta ɗauka, 'ya'yansa suka ɗauka, har akwai waɗanda ba su san sunana Iro ba.

Ragon suna ne ya kayar da shi. Ya je aski wani gida da hantsi, ragon ya fizge daga hannun mahauci, igiya ta harɗe ƙafar Bawa, ya faɗi ta gefe a kan dandamalin siminti. Aka ɗauko mai ɗori, dattijo ne mai gaskiya, ya lalluba ya lalluba, ya ce wannan karaya tana can ƙuryar da hannunsa ba ya kaiwa, a tafi Gusau. Haka aka shimfiɗa shi a bayan mota aka kawo shi, aka yi masa aiki, aka ɗaure ƙashin da ƙarfe. Da ya dawo hayyacinsa ya gan ni a kansa, abin da ya fara cewa shi ne, "Wa ya bari Sarkin Tsoro ya shigo? Ku hidda shi kar ya suma, a rasa wanda za a yi jinya."

Ni tawa faɗuwar ba ta da ko wannan darajar. Sabulu na taka a banɗaki. Masu zuwa dubiya ina ce musu daga babur na faɗo, sai ɗiyata Balki, wadda ke jinyata, ta gyara musu labarin tun ban rufe baki ba. Da Bawa yana raye da tuni zancen sabulun ya kai kasuwar Tsafe, har da ƙari.

A jinyarsa na fara jin labarin gwajin nan. Bayan aikin, lokaci lokaci sai a zo da sirinji a ɗebi jininsa, a zuba a 'yar kwalba a tafi da shi. 'Yan ƙauye da ke zuwa dubiya abin yana damun su, suna ta gunaguni cewa tsoho ba shi da jinin da za a riƙa ɗiba haka. Bawa shi bai damu da ɗibar ba. Abin da ba ya yarda shi ne a tafi da kwalbar bai duba ba. Zai ɗaga ta wajen taga, ya karkata ta, ya kanne ido ɗaya, kamar yadda nake duba goro in zan saya. Ran nan likitan ƙashin, wani saurayi siriri mai haƙuri, ya same shi a haka.

"Likita, mi kuke nema cikin jinin ga? Ja wur shike, ba ɗigon baƙi. In da Kulu ba ta nan da na ce jinin ango ne."

"Ango da sanda," in ji Kulu.

Likita ya yi dariya, ya jawo kujera ya zauna. "Baba, ba launi muke dubawa ba. Akwai wani abu da jiki ke zubawa a cikin jini idan yana fama da kumburi ko ciwo. Ido ba ya ganinsa, na'ura ce ke auna shi. Bayan aiki dole ya hau, tunda yanka ka muka yi." Ya ɗaga tafin hannunsa sama. "Sannan ya riƙa sauka a hankali." Ya sauke hannun. "In ya ƙi sauka, ko ya sauka ya sake hawa, to wani abu yana ci a ciki. Ba ya gaya mana mene ne, amma yana gaya mana mu nema. Kuma wurin ƙarfen muke fara zargi, don ƙwayar cuta tana son maƙalewa a jikinsa."

Bawa ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya sa masa albarka. Da likita ya fita sai ya juyo gare ni. "Yaron kirki ne. Amma jinin da na zubar a zaure ya hi wanda ya taɓa gani, shi da malamanshi."

Sunan gwajin wasu haruffa uku ne na Turanci, si-ar-pi. Ni dai hannun likitan na riƙe, yadda ya hau ya sauka.

Na Bawa ya hau, ya sauka, aka sallame shi, aka ce ya dawo a sake aunawa. Ɗinki ya kame, tabo ya bushe tas, ya fara takawa da sanduna biyu a tsakar gida. Ku kun san dubiyarmu. Mai zuwa zai ce ya jiki, mai ciwo zai ce da sauƙi, ko da ransa yana maƙogwaro. Ba ƙarya ake nufi ba, ladabi ne da godiya ga Allah, haka muka taso muka ga ana yi. Amma a gidan da kullum amsar ɗaya ce, ta ina za a gane ranar da babu sauƙin? Kulu ce ta aiko mini cewa yana ture abinci, kuma in zai juya a gado yana cije leɓe. Lokacin komawa gwaji ya wuce, bai ko ambata ba. Na je na ɗauko shi da tsiya, na ce ai tsoron allura yake, zan bi gida gida in gaya wa duk wanda ya taɓa yi wa tsaga. Don ya ƙaryata ni ya shiga mota.

Da sakamako ya fito, likita bai yi dariya ba a wannan karon. Ya ɗaga hannun nan sama, ya bar shi a can. Ya ce abin ya sake hawa, yana son a kwantar da Bawa a yi wasu gwaje-gwajen, in zarginsa ya tabbata a sake buɗe wurin a wanke tun bai yi nisa ba.

Bawa ya ɗage riga ya nuna tabon. "Duba nan. Ka ga ruwa? Ka ga mugunya? Taɓa ka ji, da zahi? Hwatar da ta warke ita za ka sake tsagawa saboda maganar kwalba?"

Likita ya roƙe shi, Kulu ta roƙe shi, ni ma na yi iyakar yina, har na ajiye wasa na kira shi Yaya, abin da ban taɓa yi ba tun da na san shi. Ya ce ya ji, ya gode. "In dai jini ne ya ɓaci, a gidanmu anka san maganinshi."

Ya koma 'Yankuzo, ya sa ƙanensa, wanda shi ya koya wa aiki, ya kafa masa ƙaho a kewayen ƙugun. Jini ya fito baƙi, guda-guda. Ya sa aka ajiye kaskon ana nuna wa duk wanda ya shigo, kowa ya gani ya riƙe baki ya ce lallai an fitar da mugun abu. Har ya aiko mini da saƙo ta bakin wani direban motar Tsafe: a gaya wa Sarkin Tsoro abin da na'ura ta gani ya fita, ya zo ya ci tuwo. Kuma a 'yan kwanakin ya samu sauƙi, ko kuwa ya ce ya samu.

A daidai wannan wuri tunanina ke tsayawa tun da aka dawo da ni gadon nan. Nawa aikin an yi shi lafiya. An ɗebi jinina, ni ko kallon kwalbar ba na yi, bango nake fuskanta ina salati. Ya hau, ya sauka, aka sallame ni. Na koma Tudun Wada, tabona ya bushe tas, maƙwabta suna ta cewa jikina mai kyau ne. Duk wanda ya faɗi haka sai gabana ya faɗi, don maganar da aka yi ta gaya wa Bawa ke nan. Kullum da safe sai na ɗora bayan hannu a wurin in ji ko da ɗumi, sai na shinshina zanen gado. In na ji ɗan sanyi in ce shi ke nan ta zo, Balki ta ce Baba fanka ce, ta tashi ta kashe. Ranar komawa gwaji kuwa, tun kafin mai mota ya iso ina zaure a zaune da hulata.

Likitana ba wancan saurayin ba ne, wata mata ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta ce lambar ta ɗan ɗaga, a sake bayan kwana kaɗan, wataƙila mura ce ko wani abu daban. Ban taɓa roƙon Allah ya ba ni mura ba sai ranar. Aka sake. Ta ƙara ɗagawa. Aka kwantar da ni, aka yi hoto, aka zuƙi ruwa daga wurin da wata doguwar allura, wanda ba zan ba ku labarinsa ba, don har yanzu masu shara suna kwaikwayon ihun da na yi. Sannan ta zo ta tsaya a gefen gado ta faɗi maganar da na sani tun kafin ta buɗe baki: a sake buɗewa a wanke.

Jama'a, ni ba na jin ciwo. Wannan shi ne abin. In da azaba nake sha da na ce a yanka kowa ya huta. Ina cin tuwo, ina barci, ina dogara sanda in je alwala. Ban san ko kun taɓa jin irin wannan tsoron ba, a ce jikinka yana wata magana a bayan idonka, wasu suna ji kai ba ka ji. Ka dubi fatarka lafiya lau, a ce maka a ƙarƙashinta akwai abin da ke ci. Ga kuma ɗaya tsoron. Ga shekaru, ga hawan jini, ga allurar nan da ake yi a gadon baya, ƙafafu su mutu kana ji kana gani, an kare maka fuska da ƙyalle amma kunne a buɗe, kana jin ƙarar ƙarfe a jikinka kamar kana kwance a maƙera. Na shiga sau ɗaya na fito. Wa ya ce zan fito a na biyu? Na ce mata ta ba ni lokaci in yi shawara. Ta ce ta ba ni, amma ba mai yawa ba.

Shawara kuwa na sha ta har ta ishe ni. Abokan kasuwa suka zo, wannan ya ce, "Kai da ka warke?" Wancan ya ce kawunsa a karo na biyu ya tafi. Wani, wanda bai san Bawa ba, ya sunkuyo ya raɗa mini cewa akwai wani wanzami a Bungudu mai hannu, ƙaho biyu zai kafa abin ya fita. Maganar ta yi mini daɗi a kunne ƙwarai. Ni da na ga ƙarshen wannan hanya da idona, sai da raina ya biya.

Ga ƙarshen da na gani. Masassara ta fara kama Bawa da yamma, aka ce sauro ne, aka sayo masa magani a kemis. Lokacin zafi ne, ko tsuntsu neman inuwa yake, amma da na je na same shi da rana tsaka a ƙudundune cikin bargo biyu, haƙoransa suna kaɗawa. Na ce, "Bawa, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Sannan ya ƙura mini ido, ya kira ni da sunan ubana wanda ya daɗe da rasuwa, ya tambaye ni ko an kai shanu rafi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ni da tsoro ne sana'ata ta biyu. Kulu ta ɗaga bargon ta nuna mini. Tabon nan da ya bushe tas ya kumbura yana sheƙi, gefe ɗaya ya buɗe, kuma warin da ya fito har yau in na tuna sai in ajiye abinci.

Hanyar a lokacin ta fara zama wadda ba a bi in rana ta yi sanyi, kafin a samo mota kuwa yamma ta yi, dole muka jira washegari. Muka kawo shi Gusau. Likitan nan siriri ya karɓe shi, bai ce ai na faɗa ba, bai ko ɗaga murya ba. Suka buɗe, suka wanke, suka yi ta ƙarin ruwa da allurai. Amma cutar ta riga ta bar ƙugu ta bi jini ta gama jiki. Bai daɗe ba. Ranar da zai cika ina riƙe da hannunsa na dama, ya yi sanyi tun yana numfashi. Na san kwana ne ya ƙare, ba mai ƙara wa wani ko rage masa. Sai dai an umarce mu da neman magani, kuma shi an nuna masa ƙofa tun tana buɗe.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wanzaman yanzu da yawa sun ajiye ƙahon saniya, wasu kofuna suke kafawa masu famfo, da reza sabuwa ga kowane mutum. Na san zai ce ragwaye ne, ba su iya tsotsa ba. Sakamakon jini ma wani lokaci ta waya ake turo wa Balki, zai ce to yanzu har jinin mutum ya shiga waya. Zaurensa da ake layi a rufe yake, ƙanen ya dawo Gusau yana aski da inji a rumfa, don zaman ƙauye ya yi wuya. Duk waɗannan ina iya jin muryarsa a kansu. Abin da na kasa ji shi ne me zai ce mini, ni, a gadon nan. Duk shekarun nan na ɗauka jarumta ce da taurin kai suka hana shi, mutum ne da ya yarda da idonsa fiye da na'ura, ya tsaya a kan haka har ƙarshe. In haka ne, cewa zai yi in tashi in ɗauki sandata in tafi gida.

Shekaranjiya Kulu ta zo dubiya. Ta tsufa, ta rame, a Tsafe take zaune yanzu wurin ɗanta. Ta ajiye kwanon fura, ta zauna a tabarmar Balki, ta miƙe ƙafa.

"Sarkin Tsoro, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Haka ɗan'uwanka ya ce."

Balki ta kwashe labarin duka ta gaya mata, da abin da likita ta ce, da cewa har yanzu na ƙi ba da amsa. Don in kare kaina na ce, "Kulu, ni ba Bawa ba ne. Shi namiji ne, ya duba jininshi ya yanke hukunci. Ni tsoro kawai nike ji."

Ta dube ni. "Iro, shekara nawa kana shiga zauren nan? Ka taɓa ganin ya kafa ƙaho jini ya hito ja?"

Na ce ai ta san ni ba na tsayawa kallo.

"To ni na tsaya, ni ke wanke kaskon. Jinin ƙaho ko na wa ne, in ya jima a ciki baƙi shike hita, ya daskare. Mai lahiya da marar lahiya duk ɗaya. Ya san haka tun shina yaro. Ranar da anka kafa mishi, da mutane sunka watse, na iske shi shina kallon kaskon. Na ce, Malam, ya hita? Can ya ce, Kulu, ba ni iya komawa ɗakin aikin can. Na ji ƙarar abin da sunka yi mini, duk na ji. Hannunshi rawa shike, sai da na karɓe kofin da ya riƙe."

Balki ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ce a raina, Bawa fa? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗora aska a fatar mutane yana ce musu kar su motsa. Mutumin da ya raɗa mini sunan da ya bi ni har furfura.

Na ce, "Mi ya hana ki hwaɗi?"

"In hwaɗa wa wa? Namiji ya ce da sauƙi gaban jama'a, ni in tashi in ce ƙarya shike?" Ta gyara mayafinta. "Shi sunanshi ya tsare, don duk gari an san shi da ƙarhin hali. Kai kuwa ba ka da abin tsarewa. Gusau duk an san kai matsoraci ne. Ka yi ihunka, ka yi kukanka, a tura ka ciki. Gawa guda ta ishe ni a kan ƙugu."

Balki ta fashe da dariya tana share hawaye. Ni ban yi dariya ba. Na kwanta ina kallon rufin ɗaki, ina tuna ranar da ya ɗage riga yana nuna wa likita tabo, yadda ya yi ta ɗaga murya, yadda bai yarda mun haɗa ido ba. Ashe a ɗakin nan mu biyu ne masu tsoro, ɗaya kawai aka ba sarautar.

Da likita ta zo zagaye na ce mata na yarda. Na ce amma ta sani tun yanzu zan yi ihu. Ta ce ɗakin yana da ƙofa mai kauri. Sannan ta cire gilashinta ta ce ba za ta yi mini alkawarin komai ba, sai dai an kama abin da wuri, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada ku ɗauka tsoron ya tafi. Yana nan daram. In na ji ƙarar tayar gado a baranda sai in kama salati, ko ba ni aka zo ɗauka ba.

Me ya rage na Bawa? Zabirarsa tana rataye a ɗakin Kulu, ta ce asaken sun yi tsatsa. Jarumtar da na yi shekara bakwai ina ba mutane labari, ita ma Kulu ta zo ta karɓe ta a zama ɗaya, kuma abin mamaki ban ji ya ragu a idona ba. Tausayinsa ne ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar jana'iza, don na san yanzu abin da ya kwana da shi shi kaɗai, jama'a cike da zaure suna yaba masa. Ɗazu Balki ta sunkuyo tana gyara mini matashi, na ga 'yar tsagar da ke gefen idonta, siririya, miƙaƙƙiya. Shi ya yi mata ranar suna, ya taso takanas daga ƙauye, ya kore ni waje kafin ya fara. Akwai irinta a fuskoki da gadon bayan mutane da yawa daga 'Yankuzo har Bungudu, da ita za su shiga kabari. Hannu ne da bai taɓa karkacewa a fatar wani ba, sai da aka zo kan tasa.

Gobe da hantsi za a shiga da ni. An ce kada in sa komai a baki, har goro, abin da ko a azumi da shi nake buɗe baki. Wanda ya karanta wannan ya roƙa wa Bawa Wanzami gafara, Allah ya haskaka makwancinsa, ya amintar da shi daga duk abin tsoro. In addu'ar ta yi saura, a sa Iro mai goro a ciki. Ko ina numfashi ko ba na yi lokacin da jaridar nan za ta iso hannunku, ina buƙata.